Kinoti da Kasuwar da Ba Ta Tashi Ƙarfe Uku

Kinoti Mbaabu mutumin Meru ne, kuma ya kwashe halin mutanen garinsu kaf bai rage ba: ba ya son a gaya masa magana sau biyu, sau ɗayan ma don babu yadda zai yi ne. Shekara goma sha wani abu muka yi kafaɗa da kafaɗa da shi a wani ɗan ɗaki a hawa na huɗu, kan titin Moi a tsakiyar Nairobi. Mu uku muke haɗa kuɗin hayar: ni Lusweti, da shi, da Mzee Damji, wani dattijo Ba'indiye wanda ko kakansa a Nairobi aka haife shi, wanda kuma bakinsa ba ya hutawa sai in ya kafa shi a kofin shayi. Ɗakin ba shi da wani abin kallo. Dogon tebur ne da kwamfuta uku da butar lantarki, sai taga guda mai kallon bayan wani gidan abinci, inda hayaƙin suyar dankali yake shigo mana tun da hantsi.

Sana'armu saye da sayar da hannun jari. Ba mu cikin mutanen nan da za su sayi hannun jarin banki su jefa a akwati su ce na jikoki ne. Mu, mu saya yau ne mu sayar gobe ko jibi, in ɗan wani abu ya hau kai mu sa a aljihu mu nemi na gaba. Surukata har ta rasu tana gaya wa mutane cewa ɗan caca 'yarta ta aura, ni kuma ban taɓa ɓata bakina wajen gyara mata ba.

Asalin Kinoti malamin lissafi ne a wata sakandare da ke Nkubu. Shekarun da gwamnati ta riƙa sayar wa jama'a hannun jarin manyan kamfanoninta, lokacin da har masu tallar ganye suke bin layi a ƙofar banki, shi ma ya bi layin da ɗan abin da ya tara. Cikin mako guda ya samu abin da alli ba ya ba shi a zangon karatu. Sauran mutane suka ci ribarsu, suka sayi talabijin, suka manta. Shi kuwa abin ya shige masa rai. Ya yi shekara biyu yana koyarwa da rana, da yamma yana bin farashi a jarida, sannan ya ajiye aiki. Shugaban makarantar ya kira shi ofis ya yi masa doguwar nasiha. Kinoti ya saurara tsaf, ya yi godiya, washegari ya hau motar Nairobi.

Matarsa Nkirote ta biyo shi ba gardama, abin da ya ba kowa mamaki, don ba mai shiru ba ce. Doguwar mace ce mai tafiya a miƙe kamar ta haɗiyi taɓarya, ita ce mai jan waƙa a cocinsu, kuma ko shara za ta fita zubarwa sai ta sa gogaggiyar riga. Ta buɗe shagon ɗinkin kayan makaranta a unguwar Kahawa Sukari, inda daga baya suka yi gida. 'Yarsu guda ce, Kendi, tana aikin jinya a Mombasa yanzu, kuma da sunanta kowa yake kiransu, Baba Kendi da Mama Kendi.

Abu biyu ne suka riƙe Kinoti a kasuwarmu, shi kansa bai san da su ya jingina ba sai da ya rabu da su. Na farko shi ne abin da mu a ɗakin nan muke ce wa shinge. A kasuwar Nairobi farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi goma cikin ɗari a rana ɗaya, sai fa ranar da kamfani ya fito da wata babbar sanarwa. Irin waɗannan ranakun kuwa yawanci an san da zuwansu, kuma garin ƙarami ne, mai kunne ba a cika mamayarsa ba. A kan wannan shinge Kinoti ya gina duk lissafinsa. Kafin ya sayi komai tambaya ɗaya yake yi wa kansa: in gobe abin nan ya faɗi da kashi goma, zan iya barci? In amsar e ce, sai ya zuba kuɗi ba ɗar. In abin ya faɗin, da sassafe ya shiga layin masu sayarwa, ya rungumi asararsa, ya karkaɗe riga. Bai taɓa bar wa dillali umarnin cewa in farashi ya sauka zuwa kaza a sayar masa ba. Me zai yi da shi? Kasuwa ta riga ta yi masa wannan aikin kyauta.

Na biyu shi ne ƙarfe uku, lokacin da kasuwarmu take tashi. Ni da Mzee Damji mukan zauna mu sake dafa shayi, mu yi da gwamnati, mu yi da dillalai, har mu yi da junanmu in abin yi ya ƙare. Kinoti kuwa uku na bugawa zai kashe kwamfuta, ya wanke kofinsa ya kife, ya sauka ya kama matatu, wato bas ɗin haya, kafin hanyar Thika ta cushe. Mzee Damji yakan ce in agogon ɗakin ya tsaya kada mu sayi batir, mu dai riƙa kallon Baba Kendi.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Nkirote ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bayan wata biyu baki ya dawo daidai, hannu ya dawo rabi, ƙafa kuwa masu gashin ƙashi suka ce tana hannun ita da mijinta. Sai ta riƙa taka ƙasa kullum, a waje, ba daga gado zuwa kujera ba. In aka yi sake ƙafar ta sandare, to ba lallai ta dawo ba.

Nan aka yi ta fama. An kawo sanda ta ce ita ba tsohuwa ba ce. Kendi ta ɗauko wata mata da za ta riƙa riƙe ta, Nkirote ta ce ba za a yi yawo da ita a unguwa kamar akuyar sayarwa ba, mutanen da ta ɗinka wa 'ya'yansu kaya suna leƙe ta taga. Dabara ɗaya ce ta yi aiki, ita kuma ta fito da ita. Mijin zai tsaya ta hagunta, ta zura hannu a nasa, ta jingina nauyinta a kansa ba tare da kowa ya lura ba. Wanda ya hango su sai ya ce tsofaffi ne suka tuna da ƙuruciya. Da la'asar suke fita, rana ta yi sanyi, 'yan makaranta sun shige gida, ma'aikata ba su dawo ba, hanya tasu ce. Kafin su fita Kinoti yakan kashe wayarsa ya sa a aljihu. Burinsu shi ne mararrabar unguwar, inda wata mata take gasa masara.

Mu a ɗaki kullum da safe sai mun ji rahoto, kuma da harshen sana'a yake ba mu. Yau ya ce jiya sun rufe a ƙofar gida, gobe ya ce sun rufe a shagon aski, an ɗan samu ci gaba. Ranar da suka kai ƙofar coci shi ya sayi mandazi, irin fanken nan namu na shan shayi, mutumin da ba a saba ganin hannunsa a aljihu ba. Kafin shekara ta zagayo sun kai mararrabar. Masara ɗaya suke saya, a goga mata barkono da lemun tsami, a karya biyu, su tsaya su ci ta huta, su juyo. Ban taɓa ganin Kinoti cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, ko a shekarun da kasuwa take zubar da kuɗi.

Sai kasuwar ta kwanta. Masu saye na ƙasashen waje suka tattara suka yi gaba, na gida suka riƙe aljihu. Sai ka sa kaya a kasuwa da safe, uku ta buga ba wanda ya taya. Mai saye ya sayar gobe kuwa in babu mai taya masa ya zama mai ajiya, ko yana so ko ba ya so. Mzee Damji ko a jikinsa, yana da gidajen haya. Ni ina da ɗan fanshona na jirgin ƙasa, in kasuwa ta yi barci ni ma sai in taya ta. Kinoti ba shi da kowa sai allon nan. Shagon ɗinki an rufe shi tun rashin lafiyar, magani da asibiti kuwa ba su san kasuwa ta kwanta ba.

Wata Litinin ya shigo, ya zauna, ya ce ba tare da ya kalle mu ba, “Zan koma Johannesburg.”

Mzee Damji ya ajiye kofi. “Kai Baba Kendi? Kai da ko iyakar Namanga ba ka taɓa tsallakawa ba? Wa zai riƙe maka jaka?”

“Da yatsa zan je, Mzee. Kujerata tana nan, ba ka rabu da ni ba.”

“Af, na ɗauka za mu samu iska a ɗakin nan. To in ka je ka gaishe su, ka ce musu wani tsoho ya ce su bar maka ko da wandonka.”

Ya riga ya gama komai kafin ya gaya mana. Ya samu dillalin da yake hulɗa da kasuwar can ta intanet, ya canza shilin ɗinsa zuwa rand, kuɗin ƙasar can, ya sayar da abin da zai sayu a nan. Ranar farko da ya buɗe allon ya ga farashi ya ce ai waɗannan mutane ba su da tsoron Allah, ina zai iya sayen hannun jari guda a wannan kuɗi. Sai can ya gane su da ƙananan kwabbansu suke rubuta farashi, a raba da ɗari. Mzee Damji ya yi mako yana cin wannan, yana kiransa malamin lissafi.

Ni tambaya ɗaya na yi masa, ko su ma suna da shinge. Ya ce mini kowace kasuwa tana da shinge, ai ba daji ba ne, ya karanta cewa in farashi ya yi tsalle mai yawa dakatar da ciniki suke yi. Ban ja ba. Mutumin da ya koyar da lissafi shekara goma sha biyar ba ni zan ce masa ya sake karantawa ba, kuma ko na ce ba ji zai yi ba.

Watannin farko sun yi masa daɗi ƙwarai. Kafin ya ɗaga yatsa an saye abin da ya sa a kasuwa. Yakan juyo ya dube mu da allunanmu da ba abin da yake motsi a kansu, ya ce mu dai zaman makoki muke yi, a kawo mana tabarma. Kasuwar can ba ta tashi sai shida a agogonmu, amma shi uku na yi zai kashe kwamfuta kamar yadda ya saba, ya bar kayansa a kasuwa, ya tafi ya kama matatu. A ransa, mafi munin abin da zai tarar gobe kashi goma ne, kuma ya riga ya tambayi kansa ko zai iya barci.

Akwai wani kamfanin haƙar zinariya da ya jima yana juyawa yana samun alheri. Zinariya tana tashi a duniya a wannan makon, sai ya zuba masa kusan duk abin da yake juyawa da shi. Ran Laraba ya tashi da 'yar ribarsa a allo, yana fito. Bayan fitarsa kamfanin ya ba da sanarwa cewa ruwa ya ɓalle ya cika babban raminsu, an tsayar da aiki sai abin da hali ya yi. An dakatar da ciniki, gaskiya ne, kamar yadda ya karanta. Na 'yan mintoci ne. Aka sha iska aka ci gaba da faɗuwa.

Mu muna zaune muna shan shayi, allonsa a kashe kusa da mu, ba mu san komai ba. Su kuma a can Kahawa Sukari ranar ce Nkirote ta ce ba ta gaji ba, suka wuce mararrabar har ƙofar makarantar firamare, inda ba su taɓa kaiwa ba. Sai da suka dawo gida ya zaunar da ita, ya kwance mata takalmi, sannan ya kunna wayar. Fiye da rabin kuɗin ya tafi.

Washegari ya riga mu zuwa. Rigarsa a goge kamar kullum, amma fuskar kamar an yi masa kwana uku a asibiti. Muka gaisa, ya ce, “Lusweti, babu shinge.” Ya mayar da idonsa kan allo. Ranar Mzee Damji ne ya tashi da kansa ya haɗa masa shayi.

Daga baya ya gaya mini bai ɓoye mata ba, don ba a ɓoye wa Nkirote abu. Ta tambaye shi da wane lokaci abin ya faru, ya faɗa mata. Ta lissafa, sannan ta ce ashe suna tsaye suna cin masara ne. Ya ce mata babu ruwan masara, laifin karatunsa ne. Ta ce to. Amma na san matar, irin wannan ba ya fita daga ranta.

Mun zaci zai tattara abin da ya rage ya dawo gida. Ina, mutumin Meru ne. Kasuwar da ta kunyata shi ita zai zauna wa sai ya ga bayanta. Ya koma ɗalibi. Ya daina zuba kuɗi wuri ɗaya. Ya koyi bar wa dillali umarnin sayarwa in farashi ya sauka, amma sau biyu umarnin ya sayar masa a ƙasa, farashin kuma ya juyo ya hau yana kallo, sai ya ce shi ba zai ƙara amincewa da komai ba sai idonsa. A wannan zaman ne ya gano abin da ya ƙarasa lalata lamarin. Kasuwar can da rana gyangyaɗi take yi. Sai wajen la'asar a agogonmu, in Amurka ta farka ta buɗe tata, sannan farashi yake rawa da gaske, kuma a wannan rawar ce mai irin sana'armu yake cin abinci. Shekara da shekaru ke nan a daidai wannan lokacin yake kan hanyar gida.

Ranar da uku ta fara bugawa yana zaune bai motsa ba, ni da Mzee Damji muka dubi juna. Ya ce yau kawai ne. Ranar Juma'a ma yau kawai ne. Na daure har mako biyu, sannan na ce masa ya sayar da komai ƙarfe uku ya tashi, abin da aka samu da rana a yi haƙuri da shi.

“Da me zan sayi maganin, ɗan'uwa? Abin da ake samu da rana ko kuɗin matatu bai kai ba.”

“To ƙafar fa?”

“Ai don ƙafar nake zaune. Bari in mayar da abin da ya tafi, wata uku kawai, sai mu koma yadda muke.”

Mzee Damji ya ce, yana kallon kofinsa, “Ka gaya wa ƙafar ta jira wata ukun? Ta amsa?”

Kinoti ya ci gaba da kallon allo.

In ya tashi shida, sai takwas yake isa gida saboda cunkoso. Don haka ya ɗauke kwamfutarsa ya koma aiki a falonsa, ya bar mana kofinsa a kife. Ya ce hakan ya fi, ga shi ga ta. Kada a ce bai yi ƙoƙari ba, ya yi. Sun gwada fita da safe, amma sanyin safiya yakan sa ƙafar ta yi nauyi, magani yana sa ta jiri har hantsi, hanya kuma cike take da maƙwabta masu tafiya aiki, kowa sai ya tsaya ya yi mata sannu da wannan muryar ta tausayi da ta tsana. Bayan shida kuwa duhu ba ya jira, kuma hanyar unguwar duk ramuka ce. Sai ya ce to su fita da la'asar ɗin, amma ba zai kashe wayar ba. Nan ma ba ta yi ba. Ita da ta jingina da hannunsa, duk lokacin da wayar ta yi motsi a aljihu sai ta ji hannun ya ƙage, in sun juyo kuma sai ta ji yana ɗan jan ta. Wata rana ya miƙe zai ɗauko mata takalmi ta ce ya bari, yau ba ta jin fita. Ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata, ya koma ya zauna. Shi da bakinsa ya gaya mini ya ji sauƙi a ransa da ta faɗi haka, kuma ya ji kunyar sauƙin.

Aka koma Asabar da Lahadi kawai. Kwana biyu a mako ba su riƙe ƙafa. Daga mararraba suka dawo ƙofar coci, daga coci shagon aski. Da ta ga mutanen unguwa za su gane baya take ci, sai ta ce ita ta gama, ba za ta fita a yi mata lissafi ba. Kendi ta zo daga Mombasa ta yi faɗa, ta yi kuka, ta koma bakin aikinta.

Abin ya ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba, har na yi wata biyu ban kira shi ba. Shekara da shekaru muna yaba masa cewa shi mutum ne mai tashi ƙarfe uku, mai sanin iyakar neman kuɗi. Ashe ba shi yake tashi ba, kasuwa ce take korarsa. Da ya je inda ba a kora, sai ya zauna kamar kowa. Ban kuma ce ni da zan fi shi ba. Ni dai Allah ya rufa mini asiri da fansho da lalaci.

Wata ukun suka zama shekara da rabi. Ya mayar da abin da ya tafi, ya ɗora. A gaskiya ya iya kasuwar can, fiye da yadda ya taɓa iya tamu. Tamu ma ta farfaɗo, masu saye suka fara dawowa, na buga masa waya na ce kujerarsa tana nan, kofinsa ma ba wanda ya taɓa. Ya yi dariya ya ce wanda ya saba da wancan gudun ba ya iya zama jiran mai taya. Ya ce in zo dai in ga gida, an yi gyare-gyare.

Na je wata Alhamis bayan azahar. An yi gyaran kuwa. An fasa matakalar ƙofa an zuba siminti a kwance, an faɗaɗa ƙofar banɗaki, ga sabon keken guragu mai kyau, irin wanda ake yin oda daga waje. Nkirote tana zaune a cikinsa kusa da taga, rigarta a goge, ɗankwalinta a ɗaure tsaf, ta ɗan yi ƙiba. Shi kuma yana can kusurwar falo, ya ba mu baya, allo biyu a gabansa yanzu. Ya taso muka rungumi juna, ya tambayi Mzee Damji ko har yanzu bakin nan yana aiki, ya ce in zauna in sha shayi yana zuwa, akwai wani abu da yake dubawa.

Muka yi ta hira da ita. Ta tambayi matata da jikokina ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta sunan kowa ba. Ta ce 'yan waƙar coci suna zuwa su yi mata waƙa wani lokaci, amma wadda ta gaje ta jan waƙar tana ja kamar mai jan saniya. Ina dariya idona ya sauka a ƙafarta. Takalmin tafiyar ne a ƙafarta, farin kambas ɗin da na san sun saya tun farkon jinyar, an ɗaure igiyarsa da kyau.

Ta ga inda nake kallo. Ta rage murya ta ce, “Shi yake ɗaura mini kullum da safe. Ya ce yau za mu fita.”

“Kuna fita ɗin?”

“Baba Wanjala, sha shayinka kada ya huce,” in ji ta, da sunan ɗana take kirana.

Ƙafar hagun tana kan matakin keken, ta ɗan karkace ciki, ina ganin ƙasan takalmin. Fes yake, ko ƙura babu.

Agogon bango ya buga uku. Ni kaina sai da na ji jikina ya motsa, sabo. Ita ba ta dubi agogon ba, bayan mijinta ta duba. Shi ma ya ji, don kafaɗarsa ta ɗan ɗaga, amma bai juyo ba.

“Mama Kendi, saura kaɗan,” in ji shi.

Ta ce, “To.”

Na zauna har wajen biyar. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa da waya a hannu, ya ce in gaida Mzee, in ce masa wandon yana nan bai bar musu ba. Na taka zuwa mararraba don in kama matatu. Tafiyar ba ta da wani nisa, kafin in ankara na iso. Mai gasa masarar tana nan da kaskonta da lemun tsaminta. Ta ga gidan da na fito, sai ta tambaye ni labarin mutumin nan da doguwar matarsa masu sayen masara ɗaya su raba biyu, ta ce ta daɗe ba ta gan su ba, ko sun tashi daga unguwar ne.

Na ce mata a'a, suna nan.